Babi na Shida: Gado Ɗaya a Bankok

Duk wanda ya taɓa cin shinkafa 'yar waje, irin wadda ake shigowa da ita ta Kwatano ko ta Maraɗi a buhu mai kilo 50, ya riga ya yi hulɗa da ƙasar Tailan ko bai sani ba. Shekara da shekaru ƙasar tana cikin na gaba-gaba a duniya wajen fitar da shinkafa, kuma Afirka ta Yamma na cikin manyan kasuwanninta. To, a tsohon birnin Bankok, cikin unguwar Banglamphu, akwai wani guntun titi da ake kira Khao San, tsawonsa bai wuce mita 400 da 'yan kai ba. An yanka shi a 1892, zamanin Sarki Chulalongkorn, kuma a da can kasuwar shinkafa ce. Yau sai ka sha wuya kafin ka ga mai auna maka mudu guda a wurin. Hajar da ta mamaye titin da lungunan da ke kewaye da shi ita ce wurin kwana, kuma gado-gado ake sayarwa, kamar yadda mai tireda ke ɓare kwalin sukari ya sayar ƙwara-ƙwara.

Yadda abin ya faro ba wani shiri aka yi ba. A 1975 wasu ma'aurata, Tony da Maureen Wheeler, masu kamfanin Lonely Planet, suka fitar da littafin da ke nuna wa matasan Turai da Ostareliya yadda za su zaga kudu maso gabashin Asiya da 'yan kuɗi kaɗan. Samari da 'yan mata masu jakar goyo suka fara tuɗaɗowa. A 1982 Bankok ta yi bikin cika shekara 200 da zama babban birni, baƙi suka cika gari, otal-otal suka yi tsada. Banglamphu kuwa tana daf da Babbar Fada da manyan wuraren ibadar mabiya Buda. Sai magidantan unguwar suka fara ba baƙi hayar ɗakunan saman bene, uwar gida ta dafa musu shayi da ƙwai da safe. Maƙwabci ya ga ana samu, shi ma ya raba falonsa gida uku da katako. Kafin 1996, lokacin da Alex Garland ya fitar da littafin ƙagaggen labarinsa The Beach, wanda ya buɗe da wani masauki a wannan titi, sunan Khao San ya riga ya zaga duniya. Fim ɗin da aka yi da littafin a 2000, da Leonardo DiCaprio a ciki, ƙarin gishiri ne kawai. A ƙididdigar kamfanin Mastercard, baƙin ƙasashen waje sama da miliyan 22 ne suka kwana a Bankok a 2018, fiye da London, fiye da Faris. Ba dukansu ne ke da kuɗin otal ba.

Irin wannan masauki hostel ake ce masa, kuma asalinsa Jamus. Wani malamin makaranta mai suna Richard Schirrmann ne hadari ya rutsa da shi da ɗalibansa a kan hanya a 1909, suka fake a wata makaranta, daga nan tunanin ya zo masa. A 1912 aka buɗe na farko na dindindin a tsohuwar fadar Altena. Nufinsa yaran talakawa su fita daga hayaƙin birane su ga ƙasarsu. Na Bankok kasuwanci ne zalla, kuma lissafinsa ba shi da wuyar ganewa. Yawancin gine-ginen unguwar shaguna ne masu bene uku ko huɗu, jere da juna, faɗin kowanne kimanin mita 4. A ce ɗaki guda mata da miji za su kama shi a kan bat 800, kuɗin ƙasar. Idan mai gida ya jera gadaje huɗu masu hawa biyu a cikinsa, ya karɓi bat 300 a hannun mutum takwas, ya tashi da bat 2,400 ke nan, na'urar sanyaya ɗaki guda, banɗaki guda. Shi kuɗin da ke shigo masa ya ninka uku, kai kuma ka kwana a tsakiyar birni da abin da bai kai dala 10 ba, tunda dala guda bat 30 ce da ɗoriya. Kowa ya ji daɗi a takarda. Sauran farashin, wanda ba a rubuta shi a rasit, shi ne abin da wannan babi zai yi magana a kai.

Zuwa wurin ba shi da wahala. Idan ka sauka a filin jirgin Suvarnabhumi da fasfon Najeriya ko na Nijar, sai ka fara biyawa ta teburin jami'an lafiya su duba katin rigakafin cutar shawara, kafin ka shiga layin shige da fice. Akwai jirgin ƙasa da ke kai mutum Phaya Thai a kan bat 45, amma Khao San ba ta da tashar jirgi a kusa, don haka ko dai bas mai lamba S1, ko tasi. Mitar tasi daga bat 35 take farawa, ana ƙara 50 na fili da kuɗin babbar hanya. Direban da ya ce mita ta lalace, ka yi masa godiya ka nemi wani.

A bakin ƙofar masaukin abin da zai fara tarbarka tulin takalma ne. Mutanen Tailan ba sa shiga gida da takalmi, kuma wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Yarinyar da ke kan kanta za ta haɗa tafukanta a ƙirji ta gaishe ka, ta karɓi fasfo ta ɗauki hotonsa. Kada ranka ya ɓaci: dokar shige da fice ta 1979 ta wajabta wa duk mai saukar da baƙo ɗan waje ya sanar da hukuma cikin awa 24. Masaukin da bai tambayi fasfo ba shi ne abin tsoro, domin ranar da ka je neman ƙarin wa'adin biza za a nemi shaidar inda kake kwana. Za ta karɓi 'yan kuɗin ajiya na makulli, ta miƙo maka tawul da kati, sannan ta gaya maka sai ƙarfe biyu na rana gado zai samu. Kai kuwa ka kwana a jirgi daga Adis Ababa, agogon jikinka na baya da awa shida, idanunka sun yi jawur. Haka za ka zauna a kan benci kana gyangyaɗi kana kallon fanka.

Ɗakin da na fi tunawa yana hawa na uku, ba shi da taga ko ɗaya. Gadajen ƙarfe ne, kowanne da labule mai kauri, da 'yar fitila a wajen kai, da soket guda. Soket ɗin ba ya karɓar filoginmu mai ƙafa uku irin na Ingila, sai an sayi mahaɗi a shago. A ƙarƙashin gadon ƙasa akwai loka biyu, ɗaya taka ɗaya ta na samanka, kwaɗo kuwa kai za ka zo da abinka. Tsakanin wannan jere da wancan, idan mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya karkace. An rataye tawul masu laima a kowane ƙarfe, ga jakunkuna sun yi hamma a ƙasa, ga warin man sauro ya gauraya da na safa. Da ka hau gadonka ka ja labule, duniyarka ta zama tsawon mita 2 da faɗin mita 1. Za ka ji numfashin mutumin da ba ka san sunansa ba, ka ji sanda ya juya, ka ji sanda ya buɗe ledar biskit.

Mu da muka taso da zafin Afirilu na Kano ko Sakkwato mukan ɗauka babu wani zafi da zai ba mu tsoro. Namu busasshe ne. Ka yi gumi, iska ta kaɗa, ya bushe, ka samu sa'ida a gindin darbejiya. Na Bankok jiƙaƙƙe ne. Ma'auni zai nuna 34 ko 35, ƙasa da abin da muka saba gani, amma laimar iska tana kai kashi 70 zuwa 80 cikin 100, gumi ba shi da inda zai je sai ya kwanta a jiki. Birnin a bakin kogin Chao Phraya yake, cikin fadama, tudunsa bai fi mita ɗaya da rabi a kan teku ba. Ruwan da ke sauka a shekara ya kai milimita 1,500, daga Mayu zuwa Oktoba, ya fi tsanani a Satumba. Ka fito daga wanka, kafin ka gama sa riga ka sake jiƙewa. Ka wanke singileti ka shanya, gobe ka tarar da ita yadda ka bar ta, har ta fara tsami.

Saboda haka ainihin abin da mutum ke saye a irin wannan masauki sanyi ne, gadon gyara ne aka ɗora masa. Ɗakin fanka ya fi araha, kuma a watan Disamba ko Janairu ana iya maneji da shi. A watan Afirilu wanda ya kama ɗakin fanka mara taga ya cuci kansa. Ɗakin esi kuma da tasa rigimar. Wasu masaukan suna kashe na'urar tun da hantsi, ba za a kunna ba sai yamma, don rage kuɗin wuta, wato dai da rana an kore ka da dabara. Da dare kuma a shiga yaƙin rimot. Wani ya fito daga ƙasar ƙanƙara yana son 18, wani kuma haƙoransa na kaɗawa a 25. Ba wanda ke yi wa wani magana. Sai dai ka ji "ɗit" cikin duhu, bayan rabin awa ka ji wani "ɗit" ɗin daga wancan ɓangaren. Na gadon sama da ke daidai bakin na'urar shi ke kwana a ciki, ya tashi da mura a garin da kwalta ke narkewa.

Barci kuwa rabo ne. Kiɗan mashayun titin ba ya lafawa sai bayan ƙarfe biyu na dare, kuma bangon katako ba ya tare komai. Masu dawowa daga can sukan shigo suna raɗa, raɗar mai maye kuwa ta fi maganar mai hankali ƙara. Da ƙyar ido zai rufe sai agogon wani ya buga ƙarfe huɗu, zai kama motar Chiang Mai ko ta iyakar Kambodiya, kuma bai haɗa kayansa tun dare ba. A nan ne mutum zai gane cewa Allah bai halicci abin da ya kai leda ƙara a cikin shiru ba. Ga mai munshari, wanda kowane ɗaki sai an samu guda, kamar da gangan ake raba su. Abin toshe kunne na 'yan bat kaɗan ya fi duk wani haƙuri amfani.

Akwai ƙananan maƙwabta da ba sa biyan haya. Kuɗin cizo ba ruwansa da tsabtar wuri, a jakar matafiya yake yawo daga gari zuwa gari, har manyan otal yana shiga. Kafin ka kwanta ka ɗaga zanin gado, ka haska bakin ɗinkin katifa da fitilar waya. Idan ka ga ɗige-ɗigen baƙi kamar an yayyafa tawada, ka sauka ka nemi a sauya maka ɗaki, kada ka ɗora jakarka a kan gadon. Zafin da ya haura digiri 50 yana kashe shi da ƙwansa, shi ya sa injin busar da kaya na shagunan wanki ya fi feshin magani. Sauro ma ba irin namu ba ne. Cikin birnin Bankok ba a fama da maleriya, abin da ake tsoro zazzaɓin dengi ne, wanda ya kama mutum sama da 100,000 a ƙasar a 2023. Sauron da ke ɗauke da shi mai ratsin fari ne a ƙafa, kuma da rana yake cizo, musamman da safe da kuma yamma liƙis, don haka gidan sauro ba ya raba ka da shi. Wanda zazzaɓi ya kama ya nufi asibiti, kada ya sha asfirin ko ibuprofen, domin suna ƙara haɗarin zubar jini. Abu na ƙarshe da nake dubawa shi ne matakala. Da yawa daga waɗannan gine-gine hanyar hawa guda ce gare su, tagogin kuma an yi musu ƙarfen ɓarayi. Ka tambayi kanka: in wuta ta tashi a kicin ɗin ƙasa, ta ina?

Yanzu ga inda abin ya fi shafar mu. Yawancin ɗakunan haɗaka ne, maza da mata wuri guda. Ɗakin mata zalla ana samu kusan ko'ina, na maza zalla kuwa sai an tona. Ga wanda ya tashi a gidan da baƙo namiji ba ya wuce zaure, ya farka ya ga wata baiwar Allah da gajeren wando tana taje kai a gefen gadonsa, ba ƙaramin abu ba ne, kuma ban ga dalilin da zai sa ya yi kamar ba komai don a ce masa wayayye ba. Su a wurinsu ba komai ɗin ne, babu mai kallon wani. Amma kunyarka taka ce, ba a filin jirgi ka bar ta ba. Mafita tana nan: masaukan da yawa suna da 'yan ƙananan ɗakuna na mutum ɗaya a kan ninki biyu ko uku na kuɗin gado, banɗaki ne kawai na haɗaka. Har yanzu ya fi otal sauƙi.

Salla tana buƙatar 'yar dabara. Tsakanin gadaje ba a shimfiɗa darduma sai an tare hanya. Na fi samun natsuwa a saman rufi, wajen da ake shanya, tsakanin tankin ruwa da igiyar zannuwan gado, inda da asuba za ka hango rufin gidajen ibada masu ruwan zinare, a ƙasa kuma 'yan zuhudun Buda cikin mayafi ruwan goro suna fitowa karɓar sadakar abinci ba takalmi. Alƙibla yamma take, da ɗan karkata arewa, kuma jikin da ya saba fuskantar gabas sai ya yi kwanaki yana gardama. Alfijir kan keto wajen ƙarfe biyar, daidai lokacin da ragowar 'yan mashaya ke hawowa bene. Kai kana sauka da alwala, shi yana hawa da dafa bango, ku yi wa juna murmushi ku wuce. Abu guda da mutanen Tailan suka hutar da mu shi ne buta: kusan kowane banɗaki akwai ɗan tiyon tsarki a jikin bango. Sai dai kada ka ɗaga ƙafa ka sa a kwamin wanke fuska. A al'adarsu ƙafa ita ce mafi ƙasƙanci a jiki, ko nuna mutum da ita cin fuska ne. Ka yi alwalarka a wurin shawa.

Firijin masauki na kowa ne, kowa ya rubuta sunansa a jikin ledarsa, kuma naman alade a ƙasar nan ko'ina yana nan, har cikin romon da aka ce maka na kaza ne. Amma Musulmi sun kai kimanin kashi 5 cikin 100 na mutanen ƙasar, kuma Majalisar Ƙoli ta Musulunci tana buga koren tambarin halal a jikin kayan abinci, za ka gan shi ko a shagunan 7-Eleven da ke kowace kwana. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tafiyar 'yan mintoci daga hayaniyar Khao San, cikin wani siririn lungu da babur ma da ƙyar yake wucewa, akwai masallacin Chakraphong, ɗaya daga cikin mafi daɗewa a birnin. Jama'arsa jikokin Malayawan Pattani ne da aka kwaso daga kudu a farkon kafuwar Bankok, an san su da ƙirar zinare. A bakin lungun mata masu lulluɓi suna sayar da dafa-dukar shinkafa da kaza mai kurkum, da wata taushasshiyar waina da ake ci da miyar nama. Ranar Juma'a ka yi sallama a amsa maka, a matsa maka a sahu, ka manta cewa jiya ba ka yi barci ba.

Bahaushe ba baƙon kwana a garin mutane ba ne. Kakanninmu fatake sun yi ta zarya zuwa Gwanja sayen goro, suna sauka a zango-zango har Salaga, kuma a kowane gari akwai fatoma. Wani mai bincike, Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan ya fitar da littafinsa a 1969, ya bayyana yadda fatoma, wato maigida, yake a can: shi zai ba baƙo ɗaki, ya ciyar da shi, ya adana masa kuɗi da kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an ba da bashi, ya ɗauki la'adarsa. Jarinsa sunansa ne. Idan baƙonsa ya yi asara ta hannunsa, labari zai riga shi isa Kano. A hostel babu wannan ko ƙanƙani. Yarinyar da ke kan kanta tana da fara'a, amma gobe wata ce a wurin. Amanar wurin tana rataye ne a kan kwaɗon lokarka, da kyamarar da ke baranda, da taurarin da baƙin da suka gabata suka ba shi a Agoda ko Hostelworld. Idan ciwo ya kama ka za su kira maka tasi, iyakar abin ke nan. Ba mai tsaya maka.

Sai dai ba mai sa maka ido kuma. Ba wanda zai tambaye ka ɗan gidan wane ne kai, ko me ya sa har yau ba ka yi aure ba. A falon ƙasa, inda ake shan kofi kyauta da burodin da aka gasa, za ka zauna da malamar firamare daga Ajantina, da ɗan Koriya da ya gama aikin soja, da tsohon direban bas daga Ingila da ke cin fanshonsa a hanya. Rabin hirar shirme ne, wa ya je ina, nawa ya biya. Amma a cikin shirmen nan ake tsintar abin da babu shi a littafi. A nan na ji cewa duk mai a-daidaita-sahun da ya tare ka kusa da Babbar Fada ya ce yau a rufe take, ƙarya yake, shagon duwatsun ado ko na tela zai kai ka ya karɓi kamasho. A nan aka nuna mini jirgin ruwa mai tutar ruwan lemo da ke tashi daga Phra Athit, wanda da abin da bai kai bat 20 ba zai kai ka inda za ka hau jirgin sama-da-titi, ka tsallake cunkoson da kan cinye awa biyu. A nan kuma za ka zama jakadan ƙasarka ko ba ka so. Wani bai san komai game da Najeriya ba sai Boko Haram da wasiƙun damfara, wani kuma zai ba ka mamaki ya tambaye ka Fela ko rinin Ƙofar Mata.

Koren fasfo yana da nauyinsa a Tailan, gara a faɗi gaskiya. Tun daga gida, ɗan Najeriya ba ya samun biza sai da takardar wankewa daga hukumar NDLEA. A 2017 da 2018 'yan sandan ƙasar sun yi ta kai samame a unguwannin da baƙaƙen fata ke zama, da sunan farautar waɗanda bizarsu ta ƙare, har ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka yi ƙorafin cewa launin fata ake bi. Tarar wuce wa'adi bat 500 ce a kowace rana, har zuwa 20,000, kuma wanda aka kama a titi kafin ya kai kansa, tsarewa ce da kora. A ɗakin da mutum takwas ke kwana, jakar da ba taka ba kada ka taɓa, saƙon da ba ka ga cikinsa ba kada ka karɓa, ko da mai shi ya yi maka kwana uku yana kiranka ɗan'uwa. Warin tabar wiwi da za ka ji a titi kada ya ruɗe ka: an sassauta dokarta a 2022, aka sake ƙarfafa ta a 2025, sauran ƙwayoyi kuwa hukuncinsu na iya kai wa ɗaurin rai da rai ko fiye.

'Yan kasuwarmu da ke zuwa Bankok ba a Khao San suke sauka ba, kuma suna da hujja. Masu sarin tufafi da takalma suna Pratunam, ƙarƙashin dogon benen Baiyoke na biyu da aka gama a 1997, kusa da kasuwar Platinum da masallacin Darul Aman. Masu kawo marasa lafiya asibitin Bumrungrad suna Nana, wajen lungu na 3, inda ake jin Larabci fiye da yaren ƙasar. Masu duwatsu, irin shuɗin yakutun da ake haƙowa a Mambila, suna wajen Silom. A wani gidan abinci a Nana na haɗu da wani dattijo Bakano da ya daɗe yana wannan hanya. Da ya ji inda na sauka sai ya ajiye cokali.

"Malam, kai da girmanka? Gadon sama ko na ƙasa?"

Na ce, "Na sama, Alhaji."

Ya yi dariya har da tari. Sannan ya ce shi dalolin mutane ne a ƙugunsa, kayan mutane ne a ɗakinsa, idan bai ji ƙarar makulli ya juya a bayansa ba, barci ba zai zo ba. Ya ƙara da cewa mai kamfanin da ke yi masa lodin kaya zuwa Legas shi ke kama masa ɗaki, shi ke turo yaro ya ɗauko shi daga filin jirgi, in kuɗi suka yanke shi ke ranta masa. Wato fatoma bai mutu ba, ofis ya buɗe. Gaskiyar Alhaji ce, kuma ban yi masa musu ba.

Hukuncina dai shi ne, mai ɗauke da amanar mutane, da mai tafiya da iyali, da mai jinya, su nemi ɗaki mai ƙofa ko da a lungu ne. Wanda kuma ya fito da jaka guda don ya ga duniya, ɗalibi ne ko ma'aikacin da ya tara 'yan kuɗinsa, bambancin bat 300 da bat 1,200 a kowane dare shi ne bambancin mako guda da wata guda, kuma ni a ganina watan ya fi. In kai ne, mai karatu, kada ka biya kuɗin mako tun daga gida. Kama kwana biyu tukuna, a lungun da ke nesa kaɗan da kiɗan, wajen Samsen ko Phra Athit. Nemi gadon ƙasa, ka tambaya ko ana kashe esi da rana, ka taho da kwaɗonka daga kasuwar Sabon Gari. In wurin bai yi maka ba, ka ɗauki jakarka, akwai wani a ƙofa ta gaba.